Sarakuna Uku da Ƙwallon Dabino Ɗaya

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da ranar lallen Samira ba, 'yar ƙanena, a gidansu na unguwar Jarwal, can ƙasa mai tsarki. Mai lalle ta maƙale a cunkoson motoci, mu kuma mun cika falo bayan La'asar ba abin yi. Sai 'yan matan suka ɗauko karta za su yi poka. (Kafin wani ya fara salati: ba kuɗi a ciki. Ƙwallon dabino aka wanke aka rarraba.)

Ni fa sai da na haura hamsin na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Tun da na iya karatu babu abin da ya tsira, daga takardar magani har bayanin wasan nan, wanda na taɓa karantawa a waya. Yayata Hajara kuwa, da ko sunanta ba ta iya rubutawa, kullum sai ta ce makarantar ɓata lokaci ce.

Na gyara zama. "Ku raba da ni. Ke ma Yaya matso. In kika cinye ni, zan faɗa a gaban kowa cewa karatuna bai amfane ni da komai ba."

"Ni ina na san wannan abin?" in ji ta, amma ta matso.

Samira ta yi mata bayani, rabi Hausa rabi Larabci: kati biyu a hannu, biyar a tsakiya, a buɗe uku tukuna sannan ɗaya-ɗaya, kuma ko nawa kika ga dama ki zuba, ba iyaka.

Ina ɗaga nawa na ga sarakuna biyu. Aka buɗe ukun tsakiya, ga sarki na uku! Sai na tuna abin da na karanta: in hannunka ya yi ƙarfi kada ka firgita mutane, lallaɓa su, su yi ta zubawa. Na tura ƙwallo ɗaya. Ɗaya tak. Ni da ake jin muryata tun daga bakin titi, na yi tsit ina murmushi.

"Gwaggo, salamat? Lafiya kuwa?" Samira ta ƙura mini ido. "Wallahi Gwaggo ta yi shiru, akwai abu. Ni na fita."

Sauran ma suka ajiye katinsu. Yaya kaɗai ta rage. "Ɗaya ce kawai? Ai ba tsada."

Aka buɗe na huɗu. Na ce na wuce, ban zuba komai ba, wai ina ƙara jan ta. Na gyara mayafi, na kurɓi gahawa, na sake gyara mayafi. Ana buɗe na biyar haƙurina ya ƙare, na ture duk ƙwallayena gaba.

Yaya ta karkata katinta wajen Samira. "Jajayen nan masu kama da juna, suna da amfani kuwa?"

Samira ta toshe baki. Yaya ta turo nata duka.

Na buga sarakunana a kan darduma, na miƙe na rangaɗa guɗa. (Daidai lokacin dangin ango suka shigo da sallama.) Yaya ta ajiye nata a hankali: biyu masu hoton zuciya. A tsakiya akwai zuciya uku, ta ƙarshen ita ce katin na biyar. Biyar iri ɗaya sun fi sarakuna uku. Ni ce na bar ta ta kai can, a kan ƙwallo ɗaya.

"Da kin zuba da yawa tun farko ai da na gudu," in ji Yaya. "Yalla, malama, faɗi abin da kika ce za ki faɗa. Ga baƙi ma sun zo."

Na faɗa. Uwar ango ta ce ba ta ji ba. Na maimaita.

Washegari na koma wayar don in kama mai rubutun da ƙarya. Ashe a ƙasa kaɗan ya rubuta cewa in ka ga iri ɗaya guda biyu a tsakiya, ka daina lallaɓawa, ka zuba da nauyi. Ban kai wurin ba, na tsaya inda ya yi mini daɗi.

Yanzu ko kwalin madara na ɗauka, sai na karanta har ƙasa kafin in ƙalubalanci kowa.