Ranar da Kwamfuta Ta Kai Surukina Makka da Zane

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar yaye mu a ajin koyon rubuta furogiram na kwamfuta a Ƙanƙara, ko da kuwa na yi ƙoƙarin mantawar, don mutanen garinmu 'Yargoje ba za su bar ni ba.

A lokacin ina neman auren Rabi. Mahaifinta, Alhaji Sallau, manomi ne da ba ya wasa da maganar sana'a, kuma ya riga ya faɗa wa kawuna cewa ba zai ba mai latse-latsen waya ɗiyarsa ba. Ni kuwa na bugi ƙirji, na aika masa cewa ya zo ya ga yadda nake ba na'ura umarni tana bi. (Gaskiya rabin darasin a bencin mai shayi na yi shi.)

Malam Nura, mai koyar da mu, kullum maganarsa ɗaya ce: kwamfuta ba ta da hankali, ba ta san nufinka ba, abin da ka rubuta kawai take yi. Ya koya mana sharaɗi, wato idan kaza ya faru yi kaza, in ba haka ba yi kaza. Ya koya mana maimaitawa, ya kuma ja kunnenmu cewa duk abin da ka sa ya riƙa maimaituwa, ka ba shi wurin tsayawa. Wannan ƙarshen ban ji shi ba, ina tura wa Rabi saƙo.

Nawa furogiram ɗin na gaisuwa ne. Zai tambayi sunanka, ya tambaye ka namiji ne ko mace. Idan ka rubuta namiji, ya ce Alhaji wane. In ba haka ba, ya ce Hajiya. Na gwada da sunana, ya kira ni Alhaji, na ji daɗi har na ƙi ƙara gwadawa. Don burgewa sai na haɗa masa murya, na kuma sa ya riƙa maimaita gaisuwar.

Ranar taro ɗaki ya cika. Alhaji Sallau ya zo da babbar riga, tare da amininsa Malam Iro, mutumin da ko a wajen jana'iza sai ya samo abin tsokana. Na jona lasifika, na ƙure sauti, na durƙusa na roƙi Baba ya matso gaba.

Na rubuta sunansa. Sai tambaya ta biyu ta fito, na karanta masa.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mi kake nufi? Da gemuna za a tambaye ni namiji ko mace? Rubuta magidanci."

Wane ni in yi gardama da surukin da ban kai ga samu ba? Na rubuta magidanci, na danna.

Lasifika ta buɗe baki: "Barka da zuwa, Hajiya Sallau!"

Kafin in haɗiye yawu ta sake: "Barka da zuwa, Hajiya Sallau!" Ta ƙara. Ta kuma ƙarawa. Na danna nan, na danna can, ita dai tana ta yi wa Hajiya barka. Malam Iro ya sulale daga kujera, yana riƙe da ciki. "Hajiya, a amsa mana! Yarinya tana ta gaisuwa, an yi mata banza!"

Da ƙyar na fizge wayar lasifikar. Maimakon in yi shiru, sai bakina ya ƙara jefa ni rami. Na ce, "Baba, matsalar sabis ce."

Malam Nura, Allah Ya saka masa, bai iya rufa ƙarya ba. Ya ce, "Ba ruwan sabis a nan, Alhaji. Kwamfuta ba ta ƙirƙiro magana. Abin da aka rubuta mata take faɗi."

Alhaji Sallau ya juyo a hankali. "Au, ashe ba injin ba ne. Kai ne ka ce mani Hajiya."

Na sunkuyar da kai, na ce ni ne, Baba, ganganci na yi, ban gwada aikina ba. Ya gyara hularsa ya fita, Malam Iro na bin bayansa yana tambayarsa inda ya bar gyale.

Na ɗauka Rabi ta tafi ke nan. Bayan Juma'a sai ga saƙon Alhaji Sallau ta hannun kawuna: in koma wajen Malam in gyara injin, ranar da ya koyi ladabi a zo a yi magana. Na zauna na koyi darasin daga farko, na gyara furogiram ɗin, na gwada shi da magidanci, da dattijo, har da wanda ya ƙi ba da amsa. Da na kai masa gida, ya sa na rubuta magidanci, kwamfutar ta ce Alhaji Sallau sau ɗaya, ta yi shiru. Ya ce, "To, yanzu ta yi hankali. Saura kai."

Yau Rabi tana ɗakina, amma Malam Iro bai daina ba, ko a kasuwar Ƙanƙara ya hango ni sai ya tambayi lafiyar Hajiya. Ni dai na koyi abu guda: kafin ka kai aikinka gaban suruki, ka fara ba shi amsar banza a ɗaki, kuma ka san inda ake kashe lasifika.