Ƙarfen da Ya Ratsa Ƙarfe

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare aikina na kammala karatun injiniya ba, a wata kwalejin fasaha da ke Kaduna, farkon shekarun casa'in.

Aikin nawa shi ne gano ƙarfin mahaɗar ƙarafa biyu da aka ɗaure da noti, irin ta ƙafar tankin ruwa. Abokaina da biro da takarda suka yi nasu. Ni kuwa, da yake sashenmu ya samu kwamfuta ɗaya tilo (wadda ake lulluɓewa da mayafi kamar amarya), na ce ba na yi sai da ita. Manhajar da ke cikinta takan yayyanka hoton ƙarfe ƙanana-ƙanana, ka ɗora masa nauyi, ta faɗa maka inda zai ji jiki. Wata uku ina zuwa daga Unguwar Dosa da faifan kwamfuta a aljihun gaba, yadda kowa zai gani.

Sakamako ya fito: notina bai ji komai ba. Sifili. Na ninka nauyin sau goma, sifili dai. Da mai hankali ne da ya tsorata. Ni alwala na yi, na sallaci raka'a biyu ta godiya.

Ranar kare aikin, malamai uku suka zauna, ga Malam Iliya, dattijon da ke kula da ɗakin injuna. Wanda ya faɗi, sai baɗi. Na gyara kwat ɗin aro na ce, "Ranku ya daɗe, ko giwa ta hau tankin nan, noti ba zai san an yi ba."

Shugaban sashe ya ce, "Madalla. Nuna mana hoton bayan an ɗora nauyin."

Ban taɓa buɗe hoton nan ba, lambobi kawai nake kallo. Na danna. A hankali ya fito, layi bayan layi. Ƙarfen sama ya nutse cikin na ƙasa, ya ratsa shi ya ɓullo ta ɗaya gefen. Noti kuwa ga shi can tsaye a iska, ba ruwansa da kowa.

Malam Iliya ya gyara tabarau. "Injiniya, a ina ake sayar da wannan ƙarfen? Shekara talatin ina aikin nan, aljani kaɗai na san yana ratsa bango."

Shugaban ya ce, "Ka gaya wa kwamfutar cewa ƙarafan nan suna taɓa juna?"

Maimakon in yi shiru, wallahi sai na ji bakina ya ce, "Ai tana gani, ranka ya daɗe."

Wani malami har sai da ya fita waje don ya ƙarasa dariyarsa. Kunya ta sa na kasa gane ƙofa.

Sai baɗi na kammala. Abin da shekarar ta koya min shi ne, kwamfuta ba ta san cewa ƙarfe ba ya ratsa ƙarfe ba, sai an gaya mata. Kuma yanzu duk ranar da lissafi ya fito ya ce ni gwani ne, sai in rufe ƙofa in buɗe hoton tukuna.