Ranar da Motata Ta Durƙusa da Baba a Ciki

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta ƙarshen damina ba, ranar da motata ta durƙusa a kan hanyar Gwaram zuwa Birnin Kudu, mahaifina yana kwance a kujerar baya yana kokawa da numfashi.

Ƙaramar jif ce ƙirar Turai, baƙa wuluk, irin masu injin nan mai zafi da in ka ɗan taɓa totur sai ta zabura kamar an tsikare ta. Ta hannu na saya a Kano bayan an ƙara mini girma a wurin aiki. Dillalin ya rantse wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, kasuwa kawai take zuwa da ita (na yarda, don a lokacin ko ce mini aka yi tana tashi sama zan yarda). Ranar da na shigo da ita Birnin Kudu sai da na zaga gari sau biyu, alhali ba inda za ni.

Ba a daɗe ba ta fara nuna hali. Baƙin manta na musamman ne, sai an aiko daga Kano. Tayoyinta sirara ne, rami ɗaya ya ishe su, kuma kuɗin taya guda ya isa cefanen gidana na wata. Duk inda ta kwana sai ka tarar da ɗigon mai a ƙasa. Da safe in an tashe ta, sai ka ji wata ƙara a injin kamar ana jan sarƙa. Kanikawan garinmu kuwa, suna buɗe bonet sai su rufe, su ce, "Ranka ya daɗe, wannan sai masu kwamfuta." Matata ta daina tambayar ina albashi ya tafi. Taga kawai take leƙawa ta kalli motar.

Wata rana fitilar gargaɗi ta kama a gaban sitiyari. Na kai ta Kano, bakanike ya ce famfon ruwanta yana yoyo, kuma jakunkunan iskar da ke ɗauke da ita a maimakon shokozoba sun fara tsagewa. Da ya faɗi kuɗin, sai na ce zan dawo ƙarshen wata. Ban koma ba. Jarka na saya na ɓoye a but, kullum da sassafe in ƙara wa lagireto ruwa kafin maƙwabta su fito (babban ma'aikaci guda, da jallabiya, yana waige-waige kamar ɓarawon kaji).

A wannan hali yayana Haruna ya kira ni daga ƙauyenmu, can Zandam. Ya ce jikin Baba ya rikice, numfashinsa sama-sama, dole a kai shi babban asibiti a Birnin Kudu. Na kama hanya nan take.

Da na isa, ƙofar gida cike take da mutane. Ashe Yaya Haruna ya riga ya kira Malam Idi, maƙwabcinmu mai motar haya. Tsohuwar motarsa tana tsaye a bakin zaure, ƙofa ɗaya ɗaure da igiya, har an shimfiɗa bargo a baya. Ina ganin haka raina ya ɓaci, ba don Baba ba, don kaina.

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Yaya, ina raye za a sa Baba a wannan akwalar? Ga mota mai sanyi, kafin ku ƙifta ido mun isa."

Malam Idi ya buɗe bayan motarsa. Ya cire bargon da hannunsa ya miƙa mini, ya ce, "Allah ya ba Baba lafiya."

Aka kwantar da Baba a baya, kansa a cinyar Inna, Yaya Haruna ya zauna gaba. Na ga Inna ta tsaya magana da wani kafin ta shigo, ban kula ba. Hankalina yana kan idanun da ke kallon motar.

Mun wuce Gwaram da ɗan nisa, ina gudun da ban taɓa yi ba, sai fitilar nan ta koma ja. Wata ƙararrawa ta fara kiɗa. Na taka totur, motar ta ƙi amsawa, sai tafiya take kamar jakin da aka yi wa lodi. Tururi ya turnuƙo daga bonet. Ina gangarawa gefen titi sai muka ji "fuuu", bayanta ya sauka ƙasa a hankali, ta durƙusa kamar raƙumi. Kan Baba ya zame daga cinyar Inna.

"Lafiya, Auta?" in ji Inna.

Na ce, "Ƙaramin abu ne, Inna."

Na fita na buɗe but na ɗauko jarkata. Yaya Haruna ya dubi jarkar, ya dube ni.

"Ashe ka san da matsalar."

Na zuba ruwan, ya bi ta ƙasa ya malale a kwalta. Na kira bakaniken Kano, ya ce kada in kuskura in sake tayar da ita, sai dai a ɗauko ta a bayan babbar mota. Dama da hagu gonakin dawa ne kawai. Sanyin motar ya mutu, na buɗe ƙofofi, Inna tana yi wa Baba fifita da gefen mayafinta tana salati. Ina jin numfashinsa daga inda nake tsaye, yana fita da wani sauti kamar busa. A nan ne tsoro na gaskiya ya kama ni. Na ce a raina, in bawan Allahn nan ya cika a nan, ni na kashe shi, kuma a kan me?

Sai muka jiyo ƙarar salansar wata mota daga baya. Motar Malam Idi ce, ba fasinja ko ɗaya a ciki. Ya tsaya, ya kwance igiyar ƙofa.

Na ce, "Malam Idi, Allah ne ya kawo ka."

Ya ce, "Allah ne, sannan Inna. Ita ta ce in biyo ku a baya."

Na juya na dubi Inna. Ba ta daina fifitar ba, ta ce, "Matarka ta gaya mini kullum da safe sai ka ba motarka ruwa. Ban so in kunyata ka a gaban mutane ba."

Da za a ce ƙasa ta tsage a lokacin, da gudu zan shige. Muka ɗauki Baba muka mayar da shi akwalar da na zaga. Babu wurina a ciki sai gefen Yaya Haruna a kujerar gaba, ni ke riƙe da ƙofar don kada ta buɗe, har asibiti.

Allah ya yi da sauran kwana. Baba ya yi jinya ya dawo gida, ya ƙara shekara guda tare da mu kafin ya rasu. Bai taɓa yi mini faɗa a kan abin ba. Sau ɗaya kawai, ina zaune kusa da shi a asibiti, ya buɗe ido ya ce, "Auta, yaya mai jikin?"

Na ce, "Kai ne mai jiki, Baba."

Ya ce, "A'a, ita motar nake nufi. Na ji ta fi ni jin jiki."

Na yi dariya, sannan na fita baranda na yi kukan da ban yi a kan hanya ba. Da na koma ƙauye, gidan Malam Idi na fara shiga na nemi gafara.

Motar kuwa na gyara ta da kuɗin da ba na son tunawa, na sa ta a kasuwa. Wani matashi ya zo saye, na lissafa masa cututtukanta ɗaya bayan ɗaya, ban rage komai ba. Yana ta shafa sitiyari yana murmushi, ko kalma ɗaya bai ji ba. Ya biya ya tafi.

Abin da na koya shi ne, kuɗin sayen irin wannan mota sadaki ne kawai, ciyarwar tana gaba. In ka ga ba za ka iya ba, ka sallame ta tun mutuncinka yana hannunka.