Minsharin Ƙarfe

Bara aka yi ta, kuma Mai-Wayoyi ne ya sha ƙasa. Ya jajibo wata ƙatuwar kwamfuta da wani ofis ya gaji da ita, akwatin ƙarfe ne kawai, babu fuska babu madannai, wai sunanta saba. A cikinta yake tara finafinai, su biyo waya su fito ta majigi a bangon falo. Ya girke ta jikin bangon ɗakin kakarsa, fankokinta na gurnani ba hutu. Kaka ta ce ko ita ko ƙarfen, ta raka shi da muciya har ɗakin ajiya da ke can ƙuryar gida.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, tun daga ranar nan barcinta ya lalace. Gurnanin nan, in ta lumshe ido, sak minsharin marigayi mijinta, Tsoho. Don haka da hantsi takan saci jiki da tabarma zuwa ɗakin ajiya, ta kara gwiwoyinta a iskar ɗumin da ke fita ta bayan akwatin. 'Yan fitilu koraye su yi ta ƙyafta mata ido har Tsoho ya zo mata a mafarki, hularsa a karkace, yana tambayar inda aka kai masa rediyo.

Yau ta tarar da jikan a tsugune yana zare wayoyi.

"Ina kwana, Kaka. Ya gwiwa?"

"Tana gaida wuyanka mai kama da mariƙin lema. Me kake kwancewa?"

"Sayarwa zan yi. Mai saye na tafe da la'asar."

Kaka ta tura tabarmar bayan ƙofa da ƙafa.

"Wane marar aikin yi ne zai sayi injin niƙan da ba ya fid da gari?"

"Irinsa yake nema. Ni ƙarama zan sayo, kamar tafin hannu, ko numfashinta ba a ji."

"Abin da ba ya numfashi ai gawa ne. Gawa za ka ajiye mana a gida?"

"Ke fa kika ce ƙara ta hana ki barci."

"Na faɗa. Amma mutum ba ya yar da abin da ya yi masa bauta don ya tsufa. In haka ne, ni ma kira mai sayen ya taya."

"Na yi masa tayinki. Ya ce kin fi sabar cin wuta, kuma ba a samun kayan gyaranki."

"Ɗan banza. Ni da na wanke ka kana tsawon cokali."

Ya miƙa hannu zai zare wayar ƙarshe. Kaka ta dubi fitilun nan. In suka mutu, wa zai ƙara kawo mata Tsoho? Wanda ke cikin hoton bango bai taɓa ko tari ba.

"Dakata. Saboda tausayi kawai, na ba ka bangon ɗakina. Mayar da tarkacenka."

"Tausayin wa?"

"Na ƙarfen. Ƙura ta ishe shi a nan."

"Ƙura kam akwai, sai dai daidai tsawon mutum ɗaya a gefen nan, kullum a share. Kuma ga ɗankwalin da na ciro daga bakin fanka, saura kaɗan zafi ya kashe min ita. Shekaranjiya na leƙo, na ji gurnani biyu, na rasa wanne zan kai gyara."

"Kyanwa ce."

"Kyanwa mai ɗankwali."

Kaka ta fizge abinta ta ɗaura a karkace.

"To na zo, sai me? Gidan mijina ne. Kuma ni ban iya barci kusa da mai ƙara ba, kowa ya sani."

Mai-Wayoyi ya mayar da wayar da ya zare, fankokin suka ja dogon numfashi. Kaka ta ciro makullin ɗakinta daga bakin zane ta jefa masa, tana ta danne dariya.

Ya cafe, ya ce, "Kowa ya sani, Kaka. Haka kika yi wa Tsoho. Ki kore shi falo saboda minshari, can an jima a gan ki kin bi shi da tabarma."