Ɗinkin Hagu A Littafin Dama

"...da gajiya kuma, tsohon ango? Ashe har yanzu kana nan, ƙasa ba ta karɓe ka ba."

"Ina za ni in bar ki? Wa zai kwashi mai ƙafa kamar sandar rake in ba ni ba?"

Kaka bai ɗago ba, yana ta goge gam daga yatsunsa. Shagonsa na ɗinkin littattafai ɗan kurkuku ne a ƙarƙashin bene: tebur guda, matsin ƙarfe, kwalaye jingine da bango, da basilla soke a cikin tsohon soso. Mai maganar jikarsa ce, wadda ke aiki a kantin magani, ta biyo daga wurin aiki karɓar littafinta. Littafin irin na zane ne, labarin wani jarumi na ban dariya, ta kawo shi duk ganyensa ya zazzube.

Kaka ya san ba yagewar littafi kaɗai ta kawo ta ba. Babanta, wato ɗansa, ya daɗe yana cewa idon tsohon ya tafi, a rufe shagon ya zauna a gida. Ita aka aiko da aiki don ta gani ta kai labari. Shi ya sa ya yi wa littafin ɗinkin da ko a ƙuruciyarsa sai manyan baƙi yake yi wa.

Ya zaro shi daga matsi, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ungo, amarya. Sadakinki ke nan, kada in sake jin ƙorafi."

Ta shafa bangon, ta juya shi, ta buɗe. Ta sake juyawa. Sannan ta dafa tebur ta fashe da dariya har da hawaye.

"Wayyo cikina! Tsoho, ka kashe ni! Ta ina ka ɗinke shi?"

"Ta inda ake ɗinke kowane littafin boko. Ta hagu."

"Wannan ta dama ake buɗe shi! A ƙasar da ake yin irinsa haka suke yi. Kai da ka tsufa kana ɗinka na dama da na hagu, yau ɗan littafin zane ya kayar da kai?"

Gaban Kaka ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba.

"Na ga baƙaƙen boko, na ba shi haƙƙin boko. In mutum ya sa wandonsa a ka, laifin tela ne?"

"Sabo turken wawa. Duba nan!" Ta baje masa tsakiyar littafin, inda zane ɗaya ya cinye shafi biyu. "A da, jarumin yana nan ya ɗaga naushi, dodon yana gabansa. Yanzu ka musanya musu wuri. Ga shi ya ba dodo baya yana naushin iska, dodon kuma yana hararar bango kamar an yi masa kishiya."

Kaka ya gyara tabarau ya leƙa. Haka ne kuwa. Sun juya wa juna ƙeya kamar maƙwabtan da suka yi faɗa kan magudanar ruwa.

"To ai sulhu na yi musu. Wanda ya raba faɗa lada yake samu, ba zagi ba."

"Sulhu! Ka san ma abin da ke cikin littafin?"

"Ni? Ina ruwana da shirmen yara? Ƙato da gemunsa ya ɗaura labulen ɗaki a wuya, wai ƙarfinsa sai yana jin yunwa, da ya ci loma ɗaya ko murfin kwalba ba ya iya buɗewa."

Ta runtse ido ɗaya. "Au. Ba ka karanta ba."

"Ido ne ya gifta. Mai ɗinki dole ya jera shafi."

"Kuma idon da aka ce ya tafi ne ya gifta har ya ga murfin kwalba?"

Kaka ya yi tari. Ya so ya tsaya nan, amma abin ya fi ƙarfinsa.

"Ke, amma mutanen garin nan nasa ba su da imani! Ya ceci gari, maimakon su bar shi da yunwarsa, sai su biyo shi da kwanuka wai godiya. Ga dodo a gaba, ga tsofaffi a baya kowacce da cokali. Wurin nan da ya haye saman sandar fitila yana roƙon wata kaka ta yi masa rai ta mayar da abincinta, na yi dariya har allura ta soke ni. Ga wurin."

Ya nuna mata babban yatsa.

"Ba ka ga na waya ba ma, mai motsi da murya," in ji ta. "In cikinsa ya yi ƙugi har tagogi ke fashewa."

"Kada ki nuna min, zan mutu ki yi takaba." Ya shafa gefen littafin. "Ni abin da ya kama ni, sauran jarumai duk ƙirji suke buɗewa, shi kuwa bawan Allah kunya gare shi. Ba ya iya cewa a'a. Masu son sa su ne ke karya shi. Kowa na cewa zauna ka huta, ci wannan, sha wancan. Ba wanda ya tambaye shi ko yana son zaman."

Jikar ta dube shi. Dariyar ta ragu a fuskarta, ba ta dai tafi duka ba.

"Tsoho, da jarumin kake ko da wani?"

"Da jarumin mana. Ni wa ke bi na da cokali? Ke ko ruwan zafi ba ki iya dafawa ba."

Ta ɗaga littafin saitin ƙofa inda haske yake, ta bi zaren da farce tun daga sama har ƙasa. Ta ja ganye ɗaya, bai motsa ba. Ta kama bango ta girgiza shi kamar mai kakkaɓe tabarma. Kaka yana kallonta.

"To," ya ce a hankali, "me za ki gaya wa mai aiken naki?"

"Wane mai aike?"

"Kifi na ganinki, mai jar koma. Ni na haifi ubanki."

Ta rufe littafin. "Zan ce masa ɗinkin ya miƙe kamar an ja da igiya, ko huda ɗaya ba ta kauce ba. Ido lafiya lau. Kan ne dai a juye, shi kuwa tun kafin a haife ni haka yake, ba likitan da zai taɓa."

Kaka ya saki numfashi, ya rufe shi da tsaki.

"Ja'ira. Kawo in warware in mayar miki da shi ta daman."

"Wa? Ka taɓa shi mu ɓata. Duk duniya ni kaɗai ke da wanda jarumi ya yi fushi da dodo." Ta cusa shi a jaka, ta rataya. "Akwai na biyu a gida. A ciki ne aka ɗaura masa aure da 'yar mai gidan abinci."

Kaka ya miƙe tsaye bai sani ba. "Innalillahi! Sun gama da shi! Ya aka yi ya tsira?"

"Sai ka ɗinka za ka sani."

"Shi ma ya yage ne?"

"Sabo ne fil, ko lanƙwasa babu." Ta kai bakin ƙofa, ta waiwayo. "Amma kafin gobe da safe zai yage."

Kaka ya bushe da dariya har ya koma kan kujera.

"Na sallama, amarya, kin ci gari. Ki dai yaga shi a hankali, kada ki taɓa min wurin ɗaurin auren."