Nomau da Murhun Gwangwani

Ku matso ku ji, ku da babur ya sangarta. A zamanin da ake cin kasuwar Bayan Dutse da ƙafa, kwana biyu ana tafe da tabarmi a ka, akwai wani bawan Allah a garinmu, Nomau. Ƙato ne har da gemu, amma duk abin da ka faɗa masa, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da Gwaggonsa Tabawa da Baffansa Barmo, wanda shi ne madugun masu tabarmi. Abin da ubansa maƙeri ya bar masa ɗaya ne tak: ɗan murhu na gwangwani mai huji-huji, bai fi faifai nauyi ba, ƙirare kaɗan sun ishe shi tafasa kunun mutum shida. Saboda murhun nan ake tafiya da Nomau, kuma son da yake masa ba ya misaltuwa.

Wata rana Gwaggo ta ce, "Nomau, tafiyar ƙafa ba ta son kaya. Duk abin da ya fi murhun nan nauyi, bar shi gida." Sai da aka ya da zango aka ce ina tukunya, ina garin kunu. Ya ce, "Na auna, sun fi shi nauyi." Aka dubi ƙafarsa, ashe har takalmansa ya bari. Ranar gyaɗa aka tauna.

Wata rana Baffa ya ce, "Ba a cusa wa murhun nan itace. Ƙirare ɗaya bayan ɗaya." Nomau ya zauna ya tasa shi gaba. Sai ɗaya ya cinye ƙurmus ya zama toka, sannan ya ƙyasta ashana ya kunna na biyu. Tun hantsi har azahar ruwan ko ɗumi bai yi ba, ashana kuwa ta ƙare tas. Baffa ya ce, "Ka ƙara yin irin wannan shirme sau ɗaya, na karɓe murhun na ba wani, kai kuma ka zauna gida." Nomau ya rungume gwangwaninsa, idonsa ya ciko. Wallahi sai da ya ba kowa tausayi.

Wata rana da damina, za a tashi, Gwaggo ta ce, "Ka taimaki kanka. Duk busasshen ƙiraren da ka gani a hanya ka tsinta, kada ka bari ruwa ya taɓa su." To fa, an jawo. Taku uku sai ya duƙa. Ayari na gaba, shi yana baya yana ta tsince daji. Kafin la'asar ya tara dami guda, ya zare ledar da ake rufe tabarmin Baffa ya naɗe su tsaf. Baffa ya ce, "Shi ke nan. Muna isa ka miƙo murhun."

Ba su isa ba. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya tare hanya, suka maƙale a gindin dutse. Tabarmi suka jiƙe sharkaf. Baffa, da ma tsufa ya kama shi, ya hau makyarkyata har haƙoransa na haɗuwa, bakinsa ya daina fitar da magana. Aka duba gabas aka duba yamma, babu ko tsinke busasshe. Sai Nomau ya kwance ledarsa. Nan da nan wuta ta kama, aka dama kunu da citta, aka riƙa ba tsoho da ludayi, ana gasa masa tafin ƙafa har rafi ya janye.

Da bakinsa ya buɗe, ya kamo hannun Nomau ya ce, "Ɗan ƙanena, kada ka saki murhun nan."

Yau an yi titi, babu mai taka wannan hanya, Baffa da Gwaggo sun daɗe da rasuwa, ni kuwa ina kewar kunun nan mai ƙamshin hayaƙi. Amma in ka je garinmu za ka ga wani tsoho fari fat da furfura, ko masallaci za shi da gwangwani mai tsatsa rataye a kafaɗa. In ka ce ya ajiye ya huta, sai ya ce, "Baffa bai ce ba."