Rasuwar Baƙa, Kwana Uku Kafin a Rufe Rumbu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙarƙari biyu a ɗaure, ni Siddiƙ Haliru na Kebbe nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da Baƙa. Ta rasu ranar Talata da hantsi a bayan garin Fakku, bayan shekara tara a hannuna. Ba jinya ta yi ba. Kashe ta aka yi, a gaban idona.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha zafin bazara, ta sha gargadar hanyar Tambuwal a bayan babur, iyakar ƙorafinta fankarta ta ce "fuuuu" ta ci gaba da aiki. A kanta na rubuta manhajar Shaida, mai ajiye hoton kowace saniya da tsagar kunnenta da sunan mai ita, domin in an sace dabba a gane ta a kasuwa.

Wata goma sha huɗu ke nan da muka miƙa Shaida ga masu tantancewa na wani babban tsarin kwamfuta na kyauta, muna roƙon su saka ta a rumbunsu na manhajoji, su ɗauki nauyin kula da ita a hukumance, ta isa duk inda tsarin ya isa. Jama'a, mutanen nan mahauta ne! Layi-layi suka feɗe ta. Suka ce lasisinta bai fito fili ba. Suka ce na cusa aikin wani a cikinta, in farke in cire. Suka ce akwai kafar da ɓarawo zai shiga ya sauya sunan mai saniya. Sau goma sha bakwai suka dawo mini da ita jina-jina, ni da Baƙa muna ɗinkewa. Na zage su tas daga nan Kebbe, kuma abin haushin, duk abin da suka faɗa gaskiya ne.

Ranar Litinin suka amince. Abu ɗaya ya rage: in sa hannu da mabuɗin sirrin da suka san ni da shi, in tura kafin Juma'a, ranar rufe rumbu. In an rufe, sai bayan shekara biyu. Mabuɗin yana cikin Baƙa.

Washegari sabis ya ɗauke a garinmu, na bi shi har tudun bayan Fakku, kusa da mashayar shanu. Na ɗora Baƙa a kan kututture, na juya ina gyara waya. Allonta ya dushe. Jan bijimin Baffa Namadi, ƙanen mahaifina, ya leƙa ya ga wani bijimi a ciki yana hararar sa. Ƙaho ya shiga ta gaba ya ɓullo ta baya. Ya ɗaga ta sama, ya maka ta da ƙasa, ya bi ta da kofato har maɓallanta suka zube kamar haƙora. Ta ce "tiiit" sau ɗaya, shi ke nan. Na rafka masa sanda a tsakar ka, ya juyo ya yi mini rabin abin da ya yi mata.

Masu cewa don me ban ajiye kwafin mabuɗin ba, ku rufe mini baki. Na ajiye! A filas, ɗan ƙaramin ma'ajin da ake soka wa kwamfuta, na saka shi, kuma don kada ya ɓata na kai wa Na'iya baduku ya ɗinke shi cikin fata kamar laya, na rataya a wuya. A gadon asibiti na sa aka farke, sai gari ya zubo. Wai da Na'iya ya ga ƙullutu, sai ya daka shi da guduma don layar ta kwanta mini lafiya a ƙirji. Shekara guda cur ina yawo da gawa a wuya, ina taƙama.

Marigayiya ta bar caja mai ɗaurin roba, da jaka wadda zif ɗinta ya mutu tun bara, da marainiya Shaida a bakin ƙofa, an ce ta shigo amma babu mai sa mata hannu. Ta kuma bar makiyaya ɗari uku da na yi wa alkawarin manhajar. Wallahi kuka nake yi, ba na ɓoyewa.

Za a binne ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a bayan gidanmu, daidai lokacin da ake rufe rumbu. Na'iya ne zai haƙa ramin, ina tsaye a kansa da gudumarsa. Ba a bukatar kowa ya kawo abinci, an tanadi nama mai yawa, har da kai da ƙafa.

Baffa Namadi, da ka zo duba ni, lafiyar ƙahon bijiminka ka fara ba ni labari. Ana gayyatar ka da girmamawa, Baffa. In ka ga kamar ka san fatar da aka shanya a kan danga, sai ka kawo shaida. Shaidar bijiminka guda ɗaya ce tak a duniya, kuma tana cikin marigayiya.